Jawabi a Kan Itacen Ƙarya: Fure da Rani, Dafi a Jiki

(Wanga jawabi ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiya ne ya yi shi a zaman bayan damana. Mun buga shi kamar yadda anka faɗe shi.)



Arɗo-arɗo, dattawa, iyaye mata, 'yan'uwa makiyaya, da ku dillalai da fataken shanu da kunka baro kasuwa kunka zo, muna gaishe ku da gajiyar hanya. Allah ya sa kun baro gida da garke lafiya.

Yau ba maganar burtali ce ta tsaida mu gabanku ba, ba kuma ta allurar bisashe ba. Maganar wani ɗan itace ce, wanda ba ya ba da inuwa, ba ya yin itacen wuta, ba kuma abincin saniya ba ne. Mun ga wasu sun fara murmushi can baya. Ku yi haƙuri ku saurara, don mun riga mun rasa 'yan awaki 3 a kansa, kuma ba mu so a ƙara ko ɗaya.

Kun sani tun farin 1973 zuwa 1974, da wanda ya biyo a 1984, da yawa daga cikinmu sun kafa mazauni kusa da rijiya. Samari su tafi da garke, tsofaffi da mata da 'yan lakkol su tsaya. To, duk inda mutum ya zauna ya daɗe, sai idonsa ya nemi wani abu mai kyau a tsakar gida. Iyayenmu mata ne sunka fara kawo maganar: sun je birni sun ga garake da furanni, sun ce mu ma mutane ne. Gaskiya sunka faɗa. Munka gwada a farfajiyar ofishin ƙungiya. Munka dasa mangwaro, munka dasa gwaba da lemu. Kafin bazara ta biyu ba ko ɗaya da ya rage. Ba laifin kowa ba ne. Rijiyar da sai sa ko raƙumi ya ja guga, ana layi tun asuba, wa zai ɗebi bido ya zuba wa mangwaro ga maraƙi yana kuka? Babbar saniya da bazara tana shan lita 30 zuwa 40 a rana. Duk itacen da zai yi kishi da ita a kan ruwa, mun san wanda za mu zaɓa.

Daga nan ne wata tsohuwa ta kawo mana reshe guda a cikin zane, ta ce ku dasa wannan ku manta da shi. Ƙarya ce, wasu su ce ƙariya. Fulani da yawa na ce mata darbokki. Masu Faransanci na kiran ta furen hamada, wasu kuma kukar dila, don ta yi kama da kuka amma ba ta girma ba.

Wanda ya taɓa ganin ta ba ya mancewa. Gindinta kumburarre ne kamar tulu, ɓawonta toka-toka mai santsi, rassanta gajeru masu kauri, ganye kuma sai a can ƙarshen reshe yake taruwa. Tsawonta mita 1 zuwa 3 galibi. A cikin gindin nan take ajiye ruwanta, kamar yadda raƙumi ke ajiye kitse a tozo. Abin da ya sa mutane ke son ta shi ne lokacin da take fure. Da rani, sa'ad da daji ya ƙone, ita ma ta zubar da ganye ta tsaya tsirara, sai ka tashi da safe ka ga ta rufe da fure ja-ja mai haske a tsakiya, mai kunnuwa 5, kamar bakin algaita, faɗinsa santimita 4 zuwa 5. Kuma ba baƙuwa ba ce. 'Yar ƙasa ce tun daga Muritaniya da Senegal, ta ratso Mali, Burkina, Nijar, arewacin Najeriya da Kamaru, Cadi da Sudan, har Habasha, Somaliya, Kenya da Tanzaniya, ta haye Bahar Maliya zuwa ƙasar Larabawa. Waɗanda sunka taɓa kai garke wajen duwatsun Mandara a arewacin Kamaru sun gan ta tsaye cikin tsagar dutse inda ko ciyawa ba ta fitowa.

Wanga zance na 'yar ƙasa ba ƙarami ba ne. Ku tuna da itacen nan mai ƙaya da anka kawo daga ƙasashen Amurka, wanda ma'aikata ke kira furosofis. An dasa shi bayan fari da niyyar alheri, don tare rairayi. Bisashe sunka ci 'ya'yansa sunka watsa irin cikin kashi, yau ga shi ya rufe wurare masu yawa a kwarin Tafkin Cadi, wajen Ngigmi da Boso. Tun daga nan, in an kawo mana itace, tambayarmu ta farko ita ce: zai tsaya inda anka sa shi? Ƙarya tana tsayawa. Shekaru aru-aru tana cikin ƙasarmu ba ta taɓa cin makiyayar kowa ba.

Dukanmu mun san karin maganar nan, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tsofaffi na cewa da itacen nan ake, don a cikin gari sai ta yi ta fure shekara da shekaru ba a ga ɗa ba. To, a nan an yi wa ƙarya ƙarya. Tana 'ya'ya, sai dai ba kullum ba. In ta yi, za ku ga ƙaho biyu haɗe a gindi ɗaya kamar ƙahon bajimi, kowane ya kan kai wajen santimita 20. In ya bushe sai ya tsage, iri ya fito, dogo-dogo, da gashi a kai da gindi, iska ta kwashe. Wanda ya san yadda ƙwallon tumfafiya ke fashewa ya gane, don masana itatuwa sun sa su dangi ɗaya. Ku riƙe wanga dangantaka, za mu komo kanta.

Hanyar shuka biyu ce. In kun samu ƙahon, ku ɗaure shi da zare tun bai tsage ba, don irin ya tsaya ciki. Ku cire gashin, ku shuka da wuri, don irin ƙarya ba ya jimre ajiya kamar gero. A kwantar da shi bisa rairayi mai laima, a rufe shi kaɗan, a ajiye inda akwai haske ba rana tsaka ba. In akwai zafi, cikin mako guda ko fiye kaɗan zai tsiro. Wadda ta fito daga iri ita ce ke yin babban gindi mai kyan gani, kuma shekara 1 zuwa 2 ta kan fara fure in ta samu kulawa. Hanya ta biyu ita ce ta tsohuwar nan: a yanki reshe mai ƙwari, tsawon taƙi ɗaya ko fiye. Amma kada a dasa shi a ranar. A jingine shi a inuwa kwana 5 zuwa 7, sai bakin yankan ya bushe ya yi tabo. Wanda ya dasa reshe ɗanye cikin ƙasa mai laima, ruɓewa zai yi. Ta reshe tana saurin fure, sai dai gindinta ba ya cika kamar ta iri.

Ƙasar da take so ita ce wadda manomi ke ƙi. Rairayi mai gautsi, tsakuwa, ɓarɓashin marmara, fasassun tukwane. Ba ta son laka, ba ta son fadama. A yi mata ɗan tudu, a dasa ta bisa, kumburin gindin ya zauna a sarari, don ruwan damana ya gangare ya bar ta. In cikin tukunya ce ko tsohon bokiti, a huda ƙasansa da kyau. Taki kaɗan, kuma tsoho wanda ya riga ya zama ƙasa. Mu masu shanu hannunmu a sake yake da taki, amma ɗanyen kashi gara yake kira. Rana kuwa, a ba ta duka. Wadda anka ɓoye ƙarƙashin bedi sai ta yi tsawo siririya ta ƙi fure.

Yanzu ga inda munka yi kuskure, kuma za mu daɗe a kansa don mun san kuna shirin yin irinsa. Mun ce ai dabara ta samu: mu dasa ta wurin da ake alwala, ruwa ba ya ɓaci, itace ya sha. Munka yi ta yabon kanmu. Sau biyar a rana tana shan ruwan mutum goma. Wata na farko ta yi ganye shar, kowa na cewa ma sha Allah. Wata na biyu ganye ya fara rawaya yana zuba, munka ce ƙishirwa ce, munka ƙara mata. Ran da wani ya taɓa gindin, sai yatsansa ya nutse kamar cikin ruɓaɓɓen kabewa. Tsohuwar ta zo ta duba, ta ce ai na ce ku manta da ita, ba ku ji ba.

Ƙishirwa ba ta cika kashe ƙarya ba, yawan ruwa ke kashe ta. Ga abin da munka koya daga baya. Da bazara, sau ɗaya a mako ya isa, kuma sai an tura yatsa an ji ƙasa ta bushe. Ga ƙarama, buta ɗaya ko biyu. Wato bido guda na lita 25, wanda bai cika cikin saniya a wuni ɗaya ba, zai kai ta wata biyu ko uku. Ruwan alwalar ma yana yi, amma a tara shi cikin kwano a kai mata ran da ya kamata, kada ta zauna cikinsa. Da damana kada a ba ta komai, a dai duba ruwa bai kwanta gindinta ba. Da ɗari, sa'ad da hunturu ya sauka ta zubar da ganye, barci take ba mutuwa ba, a janye ruwa kusan gaba ɗaya. Sanyi da laima in sun haɗu, su ne ajalinta. Ba ta son sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10, don haka mutanen arewa, wajen Agadas da tuddan Ayar, su sa tasu cikin tukunya, su jawo ta jikin bango ko cikin ɗaki da dare. Wadda ta kafu a ƙasa ta shekara biyu, ko kun tafi kiwo wata uku ba wanda ya kula ta, za ku tarar da ita.

Hannu ne ke gaya muku lafiyarta. Ku matsa gindin. In da ƙarfi, lafiya lau. In ya yamutse amma a bushe yake, ƙishirwa ce, ku ba ta ruwa, cikin 'yan kwanaki zai cika. In ya yi laushi da laima da wari, ruɓa ce. A tone ta, a yanke ruɓar har a kai ga fari mai tsabta, a barbaɗa toka, a bar ta inuwa ta bushe mako guda, a sake dasawa cikin busasshen rairayi. Wani lokaci ta tashi, wani lokaci a'a. Ƙananan ƙwari masu ruwan ɗorawa kan taru a kan toho, ruwan sabulu ko jiƙon 'ya'yan bedi na kore su.

To, 'yan'uwa, ga maganar da ta fi duka, ita ce dalilin da munka nemi a ba mu lokaci. Mun ce dangin tumfafiya ce. Ta fi tumfafiya sharri. Ruwan da ke fitowa in an yanke ta dafi ne, kuma yana ko'ina: saiwa, ɓawo, ganye, fure. Masana sun samu sinadarai wajen 30 a jikinta masu taɓa bugun zuciya. Maharban Hadza na Tanzaniya da ita suke shafa wa kibiya. A arewacin Najeriya da Kamaru an daɗe da sanin ana kashe kifi da ita a ruwa. Abin da ke kashe kifi cikin tafki, ku da kanku kun san bai kamata ya zauna kusa da kwamin shayarwa ba.

Wani zai ce, ai mun wuce ta a daji sau dubu, shanu ba su kula ta. Haka ne. Tana da ɗaci, babbar bisa mai ƙoshi ba ta cika taɓa ta ba. Amma ku ji yadda munka rasa namu. Gab da damana munka rage wa ta biyu rassa. Yaro ya kwashe ya jefa bayan darni, bisa juji. Lokacin ba ɗanyen abu ko ɗaya a ƙasa. 'Yan awakin maƙwabci guda 4, waɗanda ba a daɗe da yaye su ba, sunka tarar da ganye kore a ƙasa. Da la'asar sun fara dalalar da yawu, sai zawo, sai rawar jiki, sai kasa tsayuwa, numfashi sama-sama. Kafin gari ya waye 3 sun tafi. Akuyoyin wata bazawara ce, su ne madarar 'ya'yanta ta baɗi. Ƙungiya ta biya, amma kunyar ba ta biyuwa. Itacen bai je wurin awaki ba, mu munka kai musu.

Saboda haka haɗarin yana ga bisa mai yunwa, da ƙarama wadda ba ta san daji ba, da baƙuwa wadda anka kawo daga wata ƙasa. Dillalai da fatake, nan ne taku. Bisashen da sunka kwana biyu cikin mota, in an sauke su komai kore ci suke. Kuma kun fi mu sanin cewa yanzu a Yamai, Maraɗi, Damagaram, Kano, har Kwatano da Ikko, gidaje da otal-otal da ofisoshi cike suke da ƙarya cikin tukwane. Ku yi tunanin ragon Layya. An saye shi da tsada, an kai shi gidan birni, an ɗaure shi tsakar gida, igiya ta kai ga tukunyar furen uwargida, ba kowa kusa. In ya mutu, ba furen za a zarga ba, ku za a ce kun sayar da maras lafiya. Kalma ɗaya ga mai saye ta isa: Alhaji, in akwai furen nan gidanka, ɗaure shi nesa.

In abin ya faru, a janye sauran daga wurin, a ɗauki reshen da anka ci a tafi da shi wurin ma'aikacin kiwo ko likitan dabbobi nan take, don ya san abin da yake yaƙi da shi. Kada a kora bisar da gudu, zuciyarta ce ke wahala. Kada kuma a yi gaggawar yankawa a kai naman kasuwa ba tare da likita ya gani ba. Mun ji cewa makiyayan gabashin Afirka na shafa wa raƙuma da shanu ita don kaska da ƙwarƙwata, kuma gaskiya ne tana kashe su. Mu dai ba mu ba kowa shawarar haka ba. Saniya na lasar jikinta, maraƙi na lasar uwarsa, kuma ba wanda ke da ma'aunin dafin da ke cikin reshe.

Dokarmu a kanta gajera ce. Darni tukuna, sannan dashe, kuma darnin da ɗan akuya ba ya ratsawa. Rassan da anka yanke a binne su da zurfi, kada su shiga murhu, kada a yi tsinken nama ko asuwaki da su. Wuƙar da ta yanke ta ba ita ce ta yanka ko ta shaidar kunne ba, sai an wanke ta da sabulu. A wanke hannu, a kiyaye ido. A gaya wa yara tun suna ƙanana, don furen na jan su. Wurinta cikin gida ne ko garka mai ƙofa. Ba bakin rijiya ba, ba bisa burtali ba. Kuma kada wani ya fake da dasa fure ya kewaye mashaya ya ce tasa ce. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 da muke kai ƙarar masu toshe mana hanya da su, mu ma suna kanmu.

Akwai kuɗi a ciki, ba mu ɓoye ba. A Tailan da Taiwan sun mai da ita sana'a, suna yi mata aure kamar mangwaro, suna fitar da mai fari, mai ja wur, mai fure ninki-ninki, suna aikawa duniya. Masu sayar da furanni a bakin titin biranenmu ma suna nema. Matan da sunka iya shuka iri za su iya tara 'yan tukwane su ba mai mota ya kai, kaya ne da ba ya mutuwa a hanya. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a shiga daji da gatari da amalanke a tumɓuke manya. Wadda kunka gani da gindi kamar randa, wataƙila ta girmi wanda ya tone ta, kuma da yawa ba su rayuwa bayan an katse musu saiwa. Ma'aikatan gandun daji ma ba za su bar ku ba. A ɗauki ƙaho, a ɗauki reshe ɗaya, a bar uwar.

Wani dattijo ya tambaye mu jiya, me ya hana ku yi maganar gawo da aduwa da dirga, masu cika cikin bisa? Baba, gaskiyarka, kuma su ne gaba. Waɗannan wurinsu fili ne da gona, kuma manoman jihar Maraɗi sun nuna tun shekarun 1980 cewa barin kututture ya toho ya fi dashe. Za mu ba su zama na kansu. Ƙarya ba ta maye gurbinsu. Ta tsakar gida ce, ta wadda ke zaune wata tara tana kallon rairayi tana jiran garke ya komo.

Ta ofis ta yi ƙaho bana, karo na farko. Mun ɗaure shi, mun samu iri, an shuka, 'yan tukwane na nan bayan rumfa. Mai so ya ga magatakarda bayan sallar la'asar ya rubuta sunansa da na mazauninsa. Ba za a miƙa wa kowa yau ba. Wakilin yankinku zai zo ya ga darni da idonsa, sannan a kawo muku.